Sirdin da Aka Auna da Bazara

Sirdi ne ya karya mini ƙugu. Wani mai yin sirdi a Ƙafin Maiyaki ya auna bayan dokina da bazara, lokacin dokin yana a rame, amma bai gama aikin ba sai bayan kaka. Kafin nan dokin ya ci harawa, bayansa ya yi faɗi kamar gado. Na mayar da sirdin. Ya ce, "Malam, aikina daidai yake, dokinka ne ya saɓa alkawari. Rage masa abinci."

Ban rage ba. Ranar sukuwa muna zagaye duron da aka kafa a ƙarshen fili, sai sirdin ya juye da ni.

Yanzu ina ƙofar gida da sanda. Dokin yana turke, yana ta ƙiba.