Hannun Malam Badaru Marini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris 1978, Allah ya karɓi ran Malam Badaru Marini na Kiyako. Mutum bakwai ne muka yi masa salla, na ƙirga.

Malam, shekara talatin hannunka yana cikin shuni. Ba ka taɓa karɓar ko kwabo a wurin matar da mijinta ya rasu ba. Ranar da aka ɗauke ni aiki a ɗakin shan magani, kai ka rina mini tsohuwar rigar mahaifina, na shiga mutane kamar ɗan gata.

Da kuɗin fetur suka cika kasuwar Birnin Kudu da yadin kanti, marina ta mutu. Shuni ya saki hannunka, sai ga farin dabbare-dabbare da ya daɗe a ɓoye. Gari ya ce kuturta. 'Ya'yanka, Hadi da Sada, su suka fara ware maka ƙwarya. A masallaci in ka miƙa hannu, kowa sai ya tuna da carbinsa.

Ka zo wurina, na tsikari farin da allura, ka zabura. Na ce maka tabon kuturta ba ya jin allura. A cikin fatar kowa akwai ƙananan ƙwayoyi masu haɗa baƙin launi, likitoci suna kiransa melanin. Naka na hannu ne suka daina aiki, kuma ba a ɗauka.

Ka yi dariya ka ce, "Ashe akwai marina a jikina, ita ma ta mutu. Malam Salihu, don Allah ka faɗa musu ranar Juma'a."

Na ce to. Juma'a nawa ta wuce? Na ji tsoro a ce mai ba da magani yana taɓa kuturu, a daina zuwa wurina. Shekara huɗu ina ɗaga maka hannu daga nesa, ni da na sani.

Da ka cika, babu namijin da ya yarda ya yi maka wanka. Matarka Inna Kulu ce ta yi, ita kaɗai.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ba Inna Kulu haƙuri. Hadi da Sada, ina yi muku ta'aziyya. Na ga yadda gari ya yi layi jiya yana musabaha da ku, kuna ta karɓa. Ni ma ina cikin layin.

Malam, ban ce ka yafe mini ba. Ban cancanta ba.