Babban Esi na Ɗakin Baƙi

Shekara huɗu ke nan cif da rasuwar yayana Alhaji Habu, kuma har yau ban gama faɗa da shi ba. Masu rubuta irin wannan shafi sukan cika shi da yabo. Ni ma ina da yabon, domin shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya kai ni makarantar unguwarzoma lokacin da dangi ke cewa ɓata lokaci ne. Amma duk ranar da bazara ta kama, na shiga ɗakin haihuwa na asibitinmu, sai in ji raina ya ɓaci da shi kamar jiya muka rabu.

Asibitin ƙarami ne, mutanen garinmu da ke bayan Makoda suka gina shi da hannunsu. Yaya, wanda fataucin hatsi da gyaɗa ne sana'arsa, shi ne shugaban kwamiti, ni kuma nake karɓar haihuwa. Da aka gama ginin, wani ɗan garin da ke aiki a Kano ya ba da kyautar esi, na'urar sanyaya ɗaki, irin wanda uwar injin guda ɗaya ce a waje, tana ciyar da kawuna huɗu a ɗakuna huɗu. Da zafi ya sanyaya, da sanyi a juya shi ya ɗumama ɗaki. Kawunan ba girmansu ɗaya ba: akwai babba, akwai matsakaita biyu, akwai ɗan ƙarami. Abin da ya rage kawai a zaɓi wane ɗaki zai sami wanne.

Mai haɗawar ya zo ya zagaya ginin yana tambaya. Wane ɗaki ne rana ke duka da yamma? Wanne ne ba silin? Mutum nawa ke zama a ciki? Amsar duka ɗaya ce, ɗakin haihuwa. Yana fuskantar yamma, kwanon rufinsa a fili, kuma kowace mai naƙuda takan zo da uwa da goggo da maƙwabciya. Ɗakin baƙi kuwa yana gabas, ƙarƙashin inuwar darbejiya, da silin da labule, ba a buɗe shi sai manya sun zo. Mutumin ya ce babban kai na ɗakin haihuwa ne. Na ce haka ne. Yaya ya gyara zaman hularsa ya dube ni.

"Ke Binta, a gidanmu kin taɓa ganin an zuba wa baƙo a ƙaramin akushi? So kike manya su zo daga ƙaramar hukuma su zauna suna gumi, a ce mutanen garin nan ba su san girma ba?"

Na ce, "Yaya, ai ba tuwo ba ne. Zafin ɗaki ake aunawa, ba girman mai zama ba."

"Iyayenmu a ɗakin soro suka haife mu, ga mu nan garau."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Yadda ake rabon naman suna haka Yaya ya raba kawunan nan: babba ga baƙi, matsakaita ga ofishin shugaban asibiti da ɗakin magani, ɗan auta ga mata. Mai haɗawa ya yi ƙoƙari sau biyu, ya ga ba ci, ya binne bututansa a bango daidai da umarnin Alhaji ya koma Kano.

Abin da ya biyo baya ba sai an yi karatu ake gane shi ba. Babban kan nan kafin ka gama gaisawa ya mai da ɗakin baƙi kamar cikin firji, sai ya tsaya, ya sake tashi, ya sake tsayawa, baƙi na neman a rage. Namu kuwa tun hantsi yake nishi har la'asar, iskarsa ba ta wuce gadon farko. Da sanyi ma haka, jariri na buƙatar ɗumi, ɗan kan nan ba ya iya ɗumama ɗakin. Sannan shekarun tsada suka shigo, mai ya gagari janareta, muka koma kan sola kaɗai. Uwar injin ɗaya ce, ƙarfinta ake rabawa. Duk ranar da kwamiti ya zauna taro aka kunna na baƙi, mu sai mu koma ga mafici.

Sau ɗaya na ga jikinsa ya yi sanyi. 'Yarsa Hauwa ce ke naƙudar fari a tsakiyar bazara, ta jiƙe sharkaf, numfashinta na sama-sama, ina tsoron ta suma kafin kan jaririn ya fito. Na leƙo na same shi tsaye a waje, na kama hannunsa na ɗora a bangon yamma. Ya janye da sauri kamar ya taɓa tukunya. Allah ya sauke Hauwa lafiya. Washegari na tarar an kafa rumfar zana a jikin bangon, ta tare rana. Na ce, "Yaya, ashe ka yarda." Ya ce shi don masu jiran marasa lafiya ya yi. Haka yake: zai gyara maka rabin ɓarna da hannunsa, amma bakinsa ba zai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Damina biyu bayan nan ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki, ya tafi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne bayansa. Duk shekara ina kai wa kwamiti maganar a sauya kawunan, duk shekara amsa ɗaya: "Haka marigayi ya bari." Wai taɓa shi cin fuskar mamaci ne. Mutanen da suke musu da shi kan farashin gero yana raye, yanzu sun mai da kuskurensa wasiyya. Gara ta cinye rumfar zanar tuni, wannan kam ba wanda ya ce haka marigayi ya bari.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ina jin zai fara da zagin tsadar mai, ya koma kan kwamiti ya ce ragwaye ne, sannan ya juyo kaina ya ce bakina ya yi yawa. Amma na san abu guda: Yaya bai taɓa jiran izinin kowa ba idan ya ga abin yi.

Don haka makon jiya, ranar da aka shirya yi masa addu'ar shekara a ɗakin baƙi, ni da Hauwa da matan unguwa muka yi sammako. Tunda an ce ba a taɓa injin, ba mu taɓa shi ba. Kujerun muka fitar ƙarƙashin darbejiya, muka shigar da gadajen haihuwa ƙarƙashin babban kan. Kafin malamai su iso, wata baiwar Allah daga rugar Fulani tana kwance a ciki, iska mai sanyi na busa ta.

Malam Idi, wanda ya gaji kujerar Yaya, ya tsaya a bakin ƙofa yana salati. "Hajiya Binta, kina ganin Alhaji zai yarda da wannan?"

"Ba zai yarda ba," na ce. "Zai yi faɗa har a ji a kasuwa. Gobe kuma ya aiko da kafinta ya sa mana labule tsakanin gadaje."

A kan tabarmi aka yi addu'ar, ba wanda ya narke. Ginin nan shi ya bar mana, taurin kan da na kwashe kujerun da shi ma nasa ne, a gidansa na koya. Na ci nasara a gardamar da muka fara tun yana raye, amma duk yinin nan kunnena na kan ƙofa, ina jiran in ji an daka min tsawa, "Ke Binta!" Har aka shafa fatiha aka watse, ba wanda ya kira ni.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sanyaya makwancinka fiye da yadda ka sanyaya mana ɗaki.