Salansar Alhaji Issaka

Ina tsugune a gaban wata rumfa a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, hannuna cikin buhun robobi ina laluben irin wadda ke riƙe salansa, sai wayata ta yi ƙara. Mariya ce, babbar 'yar Alhaji Issaka. Ban ma bari ta gaishe ni ba na ce ta gaya wa babanta na kusa samun robar, ya daina damuna da aike daga gadon asibiti. Sai ta ce, "Kawu, ka bar roban. Baba ya tafi, yanzun nan." Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake maimaitawa, na miƙe tsaye ban san inda zan nufa ba. Mai rumfar, wani Ba'asante da ya daɗe yana ganinmu tare, ya dubi fuskata ya ce, "Masa, kafra," wato sannu a yarensu, ya cusa mini robar a aljihu. Da ita a jikina na tsaya a sahu aka yi masa salla bayan la'asar.

Alhaji Issaka taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Tare aka kawo mu Accra muna yara, tare muka girma a Nima. Shi ya zama mai sayar da yadi a Zongo Lane, ni na zama mai walda a Maamobi, ina ƙera ƙofofi da tagogi. Da yake wasa ke tsakaninmu, ban taɓa gaishe shi gaisuwar kirki ba, shi ma bai taɓa yi mini ba. Yana ce mini mai ƙona ƙarfen mutane, ina ce masa tsoho mai motar samari. Waɗanda suka san shi a masallaci da kasuwa sun faɗi alherinsa, kuma gaskiya suka faɗa. Ni abin da zan iya ba da shaida a kai shi ne motarsa, domin a ƙarƙashinta muka yi rabin hirarmu ta duniya.

Mota ce ƙirar Jamus, shuɗiya mai duhu, mai ƙofa huɗu, irin waɗanda aka yi su ƙasa-ƙasa don gudu. Ta gama shan wahala a Turai kafin jirgin ruwa ya sauke ta a Tema, wato hom-yus ce kamar yadda muke cewa. Ranar da ya shigo da ita unguwa na yi dariya har na riƙe ciki. Ina motar tsere, ina lungunan Nima da kwatocinsu? Ya bar ni na gama, sannan ya ce tun yana saurayi yake ganin irinta a titi, yanzu Allah Ya ba shi, kuma ba zai nemi iznin maƙeri ba.

Ban taɓa ganin wanda ke kula da abin hawa kamar shi ba. Kowace Lahadi da hantsi zai cire babbar riga ya rataye a ƙofa, ya buɗe bonet. Da farin ƙyalle daga shagonsa yake duba baƙin mai, ya murza a yatsa, har ya sansana. Fulogi da tsohon buroshin haƙori yake wanke su. Ba bakanike ba ne, bai kuma taɓa cewa shi ne ba, amma idan aiki ya fi ƙarfinmu ya kai ta wurin fita, wato bakanike, kujera yake ja ya zauna, kuma duk wanda ya ɗauko guduma sai ya yi masa bayanin abin da zai doka. Idan na shiga motar na kai hannu ga rediyo sai ya doke hannun ya ce, "Kashe abin nan ka ji me take faɗa." Ni ban taɓa jin ta faɗi komai ba. Shi kuwa sai ya ce ƙafar baya ta hagu tana kuka, mu duba mu tarar roba ta cinye.

Ya yi mata 'yan canje-canje, amma ba da yawa ba. Ya ɗaga ta kaɗan saboda cikinta na gogar tudun rage gudu. Ya sa mata tayoyi masu kauri, ya canza fitilun gaba da idonsa ya fara rauni, ya sa aka ɗinka wa kujeru riga da yadin shagonsa. Samarin unguwa sun sha zuwa suna lallaɓarsa ya sauke ta ƙasa, ya baƙanta gilasai. Yakan saurare su har ƙarshe, ya ce, "Ba na ƙara mata abin da ba zan iya cirewa ba." Duk abin da ya cire na asali sai ya shafa masa mai, ya naɗe a buhu, ya ajiye a ɗakin kaya. Duk da wannan ji da yake yi da ita, bai taɓa hana ta ga mai lalura ba. Akwai ranar da ya ɗauki mahaifiyar wani maƙwabci zuwa asibiti, ta yi amai a kujerar baya. Da hannunsa ya wanke, kuma da ɗanta ya zo ba da haƙuri sai ya ce bai san zancen da yake yi ba.

Maganar salansa kuwa ta samo asali ne daga matarsa, Hajiya Ramatu. Ciwon suga ya taɓa mata idanu, gani ya yi ta raguwa har ya ɗauke gaba ɗaya. Mace ce mai kazar-kazar, sai ga ta zaune wuri ɗaya, duk motsin da aka yi a tsakar gida sai ta zabura tana tambayar wane ne. Wata rana Alhaji ya zo shagona da wata salansa a kafaɗa, mai faɗin baki, ya ce in cire ta motar in ɗaura wannan.

Na ce, "Tsoho, ka haukace ne? Da furfurarka za ka riƙa tayar da unguwa kamar 'yan babur?"

Ya ajiye ta a hankali ya ce, "Sani, Ramatu ba ta ganin agogo, ba ta ganin ƙofa. Ina so ta san na dawo tun ina bakin titi."

Na jawo wayar walda. Aikin ya ba mu wuya, domin ba hayaniya yake so ba. Gurnani yake so mai kauri, wanda ke bin ƙasa, wanda ba za a haɗa shi da na kowace mota ba. Muka ɗaura, muka cire, na yanke, na ƙara, har ya ce ya yi. Ranar gwaji ya tafi bakin titi, ni na zauna kusa da Hajiya. Trotro, motar haya, ta wuce ta ce ba shi ba ne. Motar ruwa ta wuce ta ce ba shi ba ne. Can sai ta ɗaga kai, ni ban ma ji komai ba tukuna, ta ce, "Ga shi nan." Tun daga ranar, da ta ji wannan ƙara da yamma sai ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta ce a ɗora ruwan shayi. Mutane sun yi ta tsokanarsa cewa tsufa ya zo masa da son a sani, har liman ya taɓa jefa masa magana cikin raha. Ya shanye duka yana murmushi, bai taɓa kawo sunan matarsa a majalisa don ya wanke kansa ba.

A zuwana na ƙarshe asibiti na same shi ya rame, amma bakinsa na nan. Ya tambaye ni ko na duba batir, ya tuna mini da robar salansa da ta tsage. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Kada ka bar ta ta yi sanyi. Mota a ajiye take mutuwa." Na ce masa ya tashi ya tayar da abarsa, ni ba yaronsa ba ne. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Amma na amsa masa, na ce to.

Ranar addu'ar uku aka zo kafa rumfuna a ƙofar gida, motar ta tare wuri. Nuhu, ɗansa da ke zaune a Kumasi, ya ɗauko makulli don ya matsar da ita. Ba laifinsa ba ne, bai zauna a gidan ba tun da aka sa salansar. Ina can gefe ina sauke kujeru sai na ji ƙarar, na yar da abin da ke hannuna na ruga, amma na makara. Mariya ce ta ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Hajiya na zaune cikin mata da carbi a hannu, sai ta miƙe tsaye, ta kai hannu ga mayafinta, ta ce da ƙarfi, "Mariya, sa ruwan tii, Alaji ya dawo." Ta daɗe a tsaye, sannan ta lalubi bango ta zauna. Mariya ta ce kukan da ta yi a ranar ya fi na ranar rasuwar. Da hannu muka tura motar gefe, Nuhu ya miƙo mini makullin ko kallona bai iya yi ba.

Tun daga lokacin na rasa sukuni. Damina ta sauka, motar na ƙarƙashin tamfol. In je shago in kasa zama, in dawo Nima in ɗaga tamfol in leƙa, in sake komawa shago. Tayoyi sun fara kwanciya. Tsatsa ta hau burki. Farin gari ya fito a kan batir, na kuma ga kashin ɓera a cikin bonet, wanda ke nufin nan gaba wayoyi zai ci. Nuhu ya kira ya ce idan ta mutu a ajiye ba mai sayenta sai masu yanka motoci na Abossey Okai, su rarraba ta ƙofa daban, inji daban. Gaskiya ya faɗa, kuma gadonsu ne. Na ɓata ƙofar wani mutum saboda hankalina ba ya kan aikin, abin da ban yi ba tun ina koyo. Idan na tayar da ita, na sake kashe wa Hajiya miji tana cikin takaba. Idan na bar ta, na saɓa alkawarin da na ɗaukar wa mamaci. Na ciro tsohuwar salansar daga buhu, mai shiru, na goge ta, na ce in tura motar waje in mayar mata da ita kowa ya huta. Na kwanta a ƙarƙashin motar da sifana a hannu, na ga waldar da na yi Alhaji na tsaye a kaina yana cewa in ƙara kaɗan, sai na kasa. Na yi fushi da shi ƙwarai a ranar, na ce ko a mutuwa sai da ya bar mini aiki.

Da abin ya ishe ni na je wurin Hajiya. Na tsaya daga bayan labule na yi sallama, Mariya na ciki tare da ita. Na yi mata bayani duka, na ce izni nake nema in cire salansar.

Ta ce, "Malam Sani, kai ne kake zuwa kullum kana buɗe tampol? Ina jin ka ai."

Na ce ni ne.

Ta ce, "Kar ka cire. Ka tada motan."

Mariya ta ce, "Mma, kin manta ranan adua?"

Ta ce, "Ban manta ba." Sannan ta ce, "Ka tada shi da safe, lokacin da Alaji yake fita kasuwa. Fitan shi na saba da shi, ba ya damuna. Amma in za ka dawo, don Allah ka kashe shi tun a titi. Dawowan ne ba zan iya ji ba."

Haka nake yi yanzu. Ina zuwa da safe, in duba mai da ruwa, in tayar da ita in bar ta ta yi zafi, in fita da ita a hankali. Mariya ta ce Hajiya kan tsayar da carbi ta saurara har ƙarar ta ɓace, ta ce Allah Ya kiyaye hanya. Ni kuwa in zagaya har unguwar Malam in dawo. Da na iso bakin titinmu sai in kashe inji, in fito in kama sitiyari ta taga. Masu shagunan wurin sun gane, ba na ma kiran kowa, sai in ga sun taso sun sa hannu. Mu tura ta cikin lungu har ƙofar gida.

Allah Ya jiƙan Alhaji Issaka, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa tausayin da ya yi wa na ƙasa da shi ya zame masa haske. Allah Ya ba Mariya da Nuhu da sauran 'yan'uwansu haƙuri, Ya haɗa kansu, Ya albarkaci abin da ya bari. Mu da muka rage Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Hajiya Ramatu kuwa, wadda ke jin fitarsa kowace safiya ba ta jin dawowarsa, Allah Ya sanyaya mata zuciya, Ya sada su a Aljanna, inda za ta ga shigowarsa da idonta. Amin.