Maus Ɗin Da Yaya Ya Bari A Kunne

Mma ba ta kiran sunan Yaya. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu na Salaga, wanda kakanni suka kafa tun zamanin fataucin goro, uwa tana jin kunyar ɗan fari. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta tambayarsa ko ya ci abinci. In tana so ya ci, ni take ce wa, "Auta, kwanon can zai huce." Ni kuma na san wanda ake nufi, sai in ɗauka in kai masa.

Da Yaya ya koma Bawku sarin albasa, Mma ba ta taɓa buga masa waya ba. In shi ya bugo, tana jin muryarsa sai ta miƙo mini ta ci gaba da feren doya. Shi ma ba mai yawan bugowa ba ne, wayarsa kullum babu caji. Wurin da nake samunsa wani wasa ne na kwamfuta da ake yi ta intanet, inda mutane daga ƙasashe daban-daban suke taruwa a duniya ɗaya, kowa da mutum-mutuminsa. Akwai ƙauyuka a ciki da gonaki, da dodannin da ake haɗa ƙarfi a yaƙa. Ni yaƙin bai dame ni ba. Sararin samaniyar wurin nake so, mai launin cikin gwanda. Kafin ya tafi ya bar mini tsohon laftof ɗinsa, ya koya mini shiga.

Abin da bai bar mini ba shi ne maus ɗinsa, wato linzamin da ake juya kibiyar kwamfuta da shi. Nasa ba irin na ofis ba ne. Baƙi ne mai ƙusumbi kamar kunkuru, a gefensa inda babban yatsa ke kwanciya akwai ƙananan maɓallai jere reras. A bayansa akwai wata wuta da ke kumbura tana lafawa, kamar numfashin mai barci.

"Wannan ana koya masa aiki," in ji Yaya, ranar da ya fara nuna mini. "Kin ga maɓallin nan? In na taɓa shi, sara da kariya da tsalle duk a tare. Wannan na ƙasan kuwa, in na nuna masa hanya sau ɗaya ya haddace. Sai ya yi ta bi shi kaɗai har in ce ya isa."

"Ashe ya fi ka hadda," na ce. Don an kai Yaya karatun allo gidan Kawu a Yendi, ya dawo bai sauke ba.

Ya ɗaga maus ɗin kamar zai jefe ni da shi, sannan ya tuna da darajarsa, ya ajiye a hankali.

A cikin wasan akwai jerin abokai, kuma duk wanda yake ciki sai wani koren ɗigo ya kama a gefen sunansa. Wata safiya ina shan koko da laftof a cinyata, Mma ta zo wucewa ta tsaya a bayana.

"Wannan koren fa?"

"Yaya ne, Mma. In yana ci, to yana ciki yana wasa."

"Aikin banza," ta ce, ta wuce.

Kashegari da safe tana shara, ba ta ɗago ba ta ce, "Wutar nan ta masu aikin banza, tana ci?" Na ce tana ci. Tun daga ranar kullum sai ta tambaya. Ta samu hanyar da za ta leƙa ɗanta ba tare da ta tambayi lafiyarsa ba.

Sai labarin Bawku ya sake ɓaci. Garin ya daɗe yana kwanciya yana tashi, mun saba jin an sa dokar hana fita, an sassauta, an sake sawa. Amma wannan karon direbobin da ke lodin doya a kasuwa suna maganar ƙasa-ƙasa, in mace ta matso su yi shiru. Na buga wayar Yaya, a kashe. Ban damu sosai ba, don ɗigon yana nan kore shar. Mma ta tambaya, na ce yana ci. Gobe ma haka, jibi ma haka. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne ɗigon ya daina mutuwa. Da, yana mutuwa lokacin salla. Yanzu ko yaushe na duba yana nan, ranar Juma'a ma ana cikin huɗuba yana nan.

Na rubuta masa saƙo a cikin wasan, bai amsa ba. Sai na shiga na neme shi.

Na same shi a bayan ƙauyenmu na cikin wasan, da jar hularsa. Ya je rijiya ya sunkuya ya ɗebo ruwa, ya juya ya bi ta gefen wata bishiya, ya zuba wa gonarsa, ya koma rijiya. Na yi masa sallama, bai waiwayo ba. Na tsaya ina kallo. Na san hannun Yaya kamar yadda na san tafiyarsa a zaure. Mai garaje ne, kullum sai ya zarce inda za shi ya dawo da baya, kuma ba ya iya wuce ni bai zungure ni ba. Wannan kuwa bai zarce ko sau ɗaya ba. Kowane zagaye a kan sawun na baya yake sauka.

Na matsa na tsaya a tsakiyar hanyarsa, tsakanin bishiyar da rijiyar. Ya taho da gugansa, ya iso ni, bai kauce ba. Ya ɗafe a jikina ƙafafunsa suna ta tafiya a wuri ɗaya. Can sai ya sunkuya, nan inda babu rijiya, ya ɗebi iska, ya juya ya tafi ya zuba wa gona.

Rana tsaka ce, awaki suna kuka a waje. Na tuna da maɓallin nan na ƙasa.

Mma tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Mma, ba shi ba ne. Na'urar ce take yi ita kaɗai. Ban san tun yaushe ba."

"Wutar tana ci ko ba ta ci?"

"Tana ci."

"To."

Ta ci gaba da tsinta, amma na ga tsakuwar take mayarwa cikin tire, shinkafar take zubarwa. Bayan la'asar ta shigo ɗakina ta ajiye mayafina na fita a kan gado. Ta ce, "Kawunki na Yendi ya daɗe bai gan ki ba." Ta nuna laftof ɗin da haɓa. "Wannan ki bar mini shi a buɗe."

Na jona masa caja a ɗakinta, na daidaita shi yadda ba zai yi barci ba, na bar jerin abokai a fili. Da zan fita da sassafe na hango ta zaune a kan tabarmar salla, fuskarta ga gabas, laftof ɗin a gefenta inda wutsiyar ido za ta iya kaiwa.

Kawu, yayan Mma, malami ne mai ɗalibai. Na same shi a zaure ana biya karatu. Ya saurare ni har na gama, yana juya carbi.

"Wato aljani ya ajiye a ɗaki yana masa ban ruwa?"

"Ba aljani ba ne, Kawu. Koya masa ya yi."

"Ni na kasa koya wa yayanki, shi ya koya wa roba." Ya yi ɗan murmushi, murmushin bai daɗe ba. "Uwarki ta ce in je?"

"Ta ce ka daɗe ba ka gan ni ba."

Ya miƙe ya ce a ɗauko masa takalmansa.

Muka kama hanyar Bawku. Mun bi ta Gushegu, muka hau wajen Gambaga, muka gangara dutsen da ke can. Da farko motar cike take da hira, wata mata tana ta faɗa da kwandasta a kan kajinta. Muna matsawa arewa mutane suna sauka, ba mai hawa. Shingayen jami'an tsaro suka yawaita. Direba ya kashe rediyo, mai kajin ma ta yi shiru. Ni ina ta duba wayata, don ita ma tana nuna jerin abokan. Duk inda sabis ya dawo, ɗigon yana nan. Na fara jin tsoronsa kamar idon da ba ya ƙiftawa.

Mun shiga Bawku da rana. Rumfuna da yawa a rufe, buhunan albasa jibge a rana sun fara wari. Gidan da Yaya yake haya na wata tsohuwa ne, ta leƙo ta ƙofa kafin ta buɗe.

"Ɗan Salaga? Ya fita ran da kasuwa ya watse, bai komo ba," ta ce da irin Hausar zango. "An kwashe mutane an kai asibiti. Na aika a tambaya, suka ce mene sunansa. Ni ɗan Salaga na sani."

Ta ɗauko makullinta ta buɗe mana ɗakin. Labule a sake, ɗakin da duhu-duhu. Kofin shayi a ƙasa ya yi funfuna. Rigarsa ta Juma'a tana rataye. A kan tebur kwamfutarsa tana kunne, jone da ɗan batirin da yake ajiyewa saboda ɗaukewar wuta. Ga mai jar hula a allo yana ɗibar ruwa. Na ɗauka zan ga maus ɗin yana yawo a kan tebur, amma ko motsi ba ya yi. Yana zaune inda hannun Yaya ya bar shi, ƙura ta kwanta masa, wutar bayansa tana kumbura tana lafawa.

Kawu ya daɗe yana kallo, leɓɓansa suna motsi. Ya ce, "Kashe shi."

"Kawu, Mma tana kallo. In na kashe, can ma zai mutu."

"Uwarki roba take kallo, 'yata. Mu ba mu san inda yaron yake ba, wannan abu kuma yana ta shaida cewa lafiyarsa lau."

Na fita ƙofar ɗaki na buga ƙaramar wayar Mma. Bugu ɗaya ta ɗauka, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mma, muna ɗakin. Ba ya nan. Zan kashe wutar, kada ki gani ki tsorata."

Na ji numfashinta, na ji zakaranmu ya yi cara a bayanta.

"Kashe," ta ce.

Na sa babban yatsana inda nasa ya goge fentin, na danna. Mai jar hula ya tsaya cak a tsakiyar hanya da guga a hannu. Na fitar da shi daga wasan, ɗigon ya koma toka.

A asibiti Kawu ya faɗi sunan, wata nas ta kai mu har bakin gado. Yaya ya rame, leɓɓansa sun bushe, hannunsa na dama a naɗe tun daga yatsu har kafaɗa. Ranar da kasuwa ta watse wani abu ya same shi a dantse, ya faɗi, aka bi ta kansa, wayar ta tafi. Zazzaɓi ya ɗauke masa hankali kwana da kwanaki.

"Da ka farfaɗo fa?" in ji Kawu. "Duk asibitin nan babu mai waya?"

"Na ce bari hannun ya yi kyan gani tukuna, Kawu. Na san maus yana riƙe mini gida. Da na ji garin ya fara ɗaukar zafi nake barinsa a kunne in zan fita, don in Mma ta tambaya a ce yana ci." Ya dube ni. "Auta, gonata ta sha ruwa dai ko?"

"Ta sha har ta gaji."

Ya yi ƙoƙarin dariya. Na ga yana kallon yatsunsa da suka leƙo daga bandeji, yana so su motsa. Babban yatsan ne kawai ya amsa, shi ma da ƙyar.

Na buga wa Mma na ce ga shi, yana da rai, na kara masa wayar a kunne. Na jira ta ce a ba Auta. Ba ta ce ba. Ɗakin shiru ne, don haka na ji da kunnena lokacin da ta kira sunansa. Sunan ya fito mata wani iri, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Kawu ya juya yana kallon taga. Yaya ya buɗe baki, ya rasa yadda ake amsawa, sai can ya ce, "Na'am."

Ya yi jinya a Salaga, yatsu biyu ba su dawo ba har yau. Da hannun ya yi dama-dama ya koma Bawku, don can abincinsa yake. Maus ɗin ya bar mini. Hanyar rijiyar tana nan a cikinsa, an ce a jikinsa yake ajiye abin da ya haddace, shi ya sa nake ɗage yatsana daga maɓallin ƙasa.

Yanzu da safe Mma ba ta tambayar wuta. Wayarta take miƙo mini ta ce, "Danna." In danna, mu zauna mu biyu muna jin tana ringi a can arewa. Wani lokaci ya ɗauka nan da nan. Wani lokaci takan daɗe tana ringi, Mma ta tsaya da tsintsiya a hannu, ni kuma kokona ya huce.