Ranar da Yaya Rahti Ta Sayi Kogi

Ku da kuke ganin mata yanzu a bakin kogin Biringi da sandar fatsa a hannu, tsammani kuke haka aka taso. Ina! Turo min kaskon wutar nan in ɗuma hannu, in ba ku labarin facalata Rahti.

Rahti matar Lassa ce, wan kakanku. Da aka kawo ni gidan na same ta da 'ya'ya biyu, shi ya sa nake ce mata Yaya. 'Yar firit ce, in ta zura feran ɗinta na ulu sai ka ce rigar ce ke tafiya ita kaɗai. Amma fa baki, Allah ya ba ta.

Mazan gidanmu duk shikari ne. Baƙo zai zo daga birni da takardar izini, an yanka masa yankin kogi na yini guda. Shikari ya ɗaukar masa koma da jakar abinci, ya nuna masa inda kifi yake kwance, ya ɗaura masa ƙuda a bakin zare. Ran nan baƙon shi ne Sahab, wato maigida, ko da a garinsu gyaran takalmi yake yi. Kuma ba a jefa ƙugiya a ruwa sai da shikari a gefe, haka ake yi a kwarinmu lokacin. Mu mata, namu da kogi wanki ne da ɗiban ruwa.

Ƙudan nan ba na gaske ba ne. Ƙugiya ce ake yi wa ado da gashin zakara da zaren siliki har ta yi kama da ƙwarin da ke faɗawa ruwa, kifin tirawut ya taso ya cafke. To, duk ƙudan da shikarin ƙauyenmu suka ɗaura wa baƙi shekara talatin da wani abu, Rahti ce ta yi shi. Lassa ya nuna mata sau ɗaya, kafin mako ta wuce shi. Su kuwa sai su buɗe gwangwani gaban baƙo su ce, "Aikin hannuna ne, Sahab, sirrin kakanni." Kakannin wa? Zakarun unguwa ma sun san mai aikin, suna hango ta suke watsewa.

Da yamma in Lassa ya dawo, sai ta juye gwangwanin a cinya tana duba abin da ya rage. Ta ɗaga ɗaya ta ce, "Wannan baƙon naka sandarsa rodi ce? Dubi yadda ya miƙar min da ƙugiya. Uku kuma ya bar su a bakin kifi, zaren ya tsinke. Biyu suna kan bishiya, ko?"

Lassa ya yi dariya ya ce, "Wallahi kamar kina wurin."

Ba ta wurin. Ba ta taɓa zuwa wurin ba.

Lassa ya rasu cikin sanyi, shekarar da ƙanƙara ta karya rufin masallaci. Da ta fita takaba muna zaune muna shan shayin gishiri, sai ta ce min, "Fazi, shekara talatin ina yi wa kifi girki, ban taɓa ganin yadda yake buɗe baki ya ɗauka ba. Gawarsa kawai ake kawo min. Baɗi sai na gani, kuma da hannuna."

Na ce, "Yaya, rufa mana asiri."

Ta ce, "Asirin wa? Nasu dai nake ta rufawa."

Kakanku Subhan da ya ji, dariya ya yi har da tari. Ya hau rufi ya sauko da wata tsohuwar sanda da wani Bature ya bar wa ubansu, doguwa, nauyi kamar taɓarya. Ya ce, "Matar Yaya, ga ta. In kin ɗaga ta sau goma, ni da kaina zan riƙe miki koma." Don mazanmu sandar kifi da sandar kaɗo dun, gyaɗar nan ta bishiya, awo ɗaya suke musu. Wadda ta fi tsawo da nauyi ita ce ta maza.

Rahti ko taɓa ta ba ta yi ba. Ta ce, "Subhan, mayar da ita. Ku tokare ƙofa da ita ran da iska ta taso."

Da kaka ta yi, ta sayar da dun ɗin bishiyar Lassa kakaf, ta ƙulle kuɗin a gefen ɗankwali. Ƙanƙara na narkewa ta ce in raka ta birnin Sirinagar. Ni da ban taɓa shiga shagon da ke da ƙofar gilashi ba! Mai shagon wani dattijo ne mai tabarau, ya ce, "Sannunku, Hajiya. Ɗanki za a saya wa?"

Ta ce, "Ɗana direba ne, bai san kan kifi da jelarsa ba. Ni ce."

Ya dube ta, ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya miƙo mata wata gajera ta hannu ɗaya, wai ita mata baƙi suke so. Ta kaɗa ta sau biyu ta ajiye. Sanyin ruwan wanki ya riga ya cinye mata wuyan hannun dama, ko butar shayi da hannu biyu take ɗauka.

Ta ce, "Mai mariƙi biyu nake so, sama da ƙasa. Wadda ba sai an wurga zare baya ba. Kogin namu bishiyoyi ne a bayanka, ƙudana nawa suka ƙare a reshe."

Ya ce, "Masu hannu biyu ai na manyan koguna ne, Hajiya. Na ƙarti."

"Ba ka da ƙarama?"

Ya shiga ciki ya fito da uku, ya harhaɗa su. Ya fara mana bayanin lamba kaza da lamba kaza. Ta ce, "Malam, ban yi boko ba, bar lambobin nan." Sai ta kwance bakin ɗankwali ta ciro zaren roban nan siriri kamar gashi, wanda ake ɗaura ƙaramin ƙuda da shi. Ta ɗaura a tsinin sanda ta farko, ta miƙo min bakin ta ce, "Fazi, ke ce kifi. Fizga ki gudu."

Ni da jikoki a duniya, ga ni ina gudu cikin shago! Na fizga, zaren ya ce tas. Ta ce, "Wannan ce ke cinye min ƙudaje." Ta biyu ta ɗan rusuna, amma da ta riƙe ta a miƙe kamar tsawon karanta Fatiha uku, sai na ga hannunta na rawa. Ta ajiye. Ta uku ita ce ƙaramarsu, tsawonta bai wuce ni da ita a haɗe ba, ba nauyi sam. Na fizga, kan sandar ya biyo ni, na ja, ya rusuna, na saki, ya koma. Na yi ta ja har na kai bakin ƙofa, zaren nan bai tsinke ba. Ta ɗora ta a yatsa ta ga inda nauyinta ya tsaya, ta damƙi mariƙin sama da na ƙasa ta ga yatsunta sun zagaye.

Mai shagon ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, wa ya koya miki?"

Ta ce, "Waɗanda suka sayi waɗancan biyun."

Ya haɗa mata da igiyar da ta dace da abin naɗe ta. Daga nan muka wuce ofishin izini, ta dangwala yatsa, aka rubuta sunanta a gurbin da ake rubuta Sahab. Yanki na huɗu, ƙasan gada, yini guda, watan da itatuwan tuffa ke fure.

Ranar ta zo. Muka sauka da hantsi, tana riƙe da sanda, ina riƙe da tulun shayi. Abin mamaki, duk shikarin ƙauyen cuta ta kama su rana ɗaya. Wannan baya, wancan haƙori, kakanku kuma wai gwiwa. Amma duk cutar ba ta hana su jeruwa a kan gada ba, su bakwai, kowa da kaskon wuta cikin riga.

Mai gadin kogi, Ƙadir, ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya. Ya ce, "Takarda dai ta yi, Inna. Amma ina shikarinki?"

Ta ɗaga kai ta dubi gada. Kowa ya dubi dutse.

Ƙadir ya ce, "Ba shikari, ba ƙugiya a ruwa. Ba ni na ce ba."

Aka yi dariya a gada. Wani ya ce, "Sahab, ko a kawo kujera?" Ni kam hawaye ya cika min ido, don yini ɗaya ne, rana na faɗuwa takardar ta mutu, dun ɗin shekara guda ya bi ruwa.

Rahti ta ce, "Ƙugiya ka ce ko, ɗan nan?"

"Ƙugiya."

Ta sa haƙori ta ciro ulu daga bakin feran ɗinta, ta dunƙula shi, ta ɗaura a bakin zare. Ta nuna masa. "Akwai ƙugiya?"

"Babu."

"To kogin nawa ne har magariba. Matsa."

Ta tattare riga ta shiga ruwa har ƙauri. Jifan farko igiyar ta naɗe mata wuya. Gada ta ɗauki shewa. Na biyu ta zube a gabanta kamar taliya. Na uku ta faɗa ruwa tim, sai ka ce an jefa guga. Ba ta waiwaya ba. Ta ja, ta sake. Ta ja, ta sake. Har rana ta daidaita tana abu ɗaya, ƙafafunta sun yi shuɗi, na miƙa mata shayi ta sha a tsaye.

Kun san akwai wani baƙin dutse ƙasan gadar. A bayansa akwai kifin da kakanku ya yi sati uku yana kiwo da ido, yana ajiye wa wani babban baƙo. Wajen azahar ƙwari suka fara faɗowa, kifin ya taso. Ya yi da'ira a ruwa. Ya sake. Rahti kuwa tana ta maka igiya kusa da shi, tim, tim.

Dariya ta ɗauke a gada. Shikari zai jure yunwa, zai jure zagin baƙo, amma ya ga kifi na tasowa ana jifan banza a kansa, wannan ba ya iyawa. Ina kallon kakanku yana murza hula, yana cizon gashin baki.

Can sai ya fashe: "Hannun ƙasa! Da hannun ƙasa ake ja, ba turawa da na sama ba!"

Ta yi kamar ba ta ji ba. Tim.

"Matar Yaya, za ki kore shi! Bari igiyar ta kwanta a ruwa tukun, sannan ki zagayo da ita!"

Ta ce, "Wa ke magana? Ina jin kamar mai ciwon gwiwa."

Tim.

"Innalillahi! A hankali! Ɗaga, zagayo, ja!"

Ta ɗaga, ta zagayo, ta ja da hannun ƙasa. Igiyar ta miƙe sumul ta tsallaka ruwa, ulun ya sauka kamar an ajiye shi da yatsa. Kifin ya taso ya cafke ulun, ya ji ba komai, ya tofar.

Wallahi ban ga saukowar kakanku ba. Mai ciwon gwiwa sai ga shi cikin ruwa da takalmi, ya fizgo komar Ƙadir, yana cewa, "Ƙuda! Ba ni ƙuda, mai ruwan toka, ƙarami!"

Rahti ba ta yi sauri ba. Ta juya ta ce, "Ƙadir, ina da shikari?"

Ƙadir ya dubi kakanku. Kakanku ya dubi gada, ya dubi dutsen, kifin ya sake yin da'ira. Ya ce, "Rubuta, rubuta! Sa sunana, Subhan. Rubuta mana!"

Ta buɗe gwangwani, amma ba mai ruwan toka ta ba shi ba, wani ja-ja ta zaɓa. Ya buɗe baki zai yi musu, ta ce, "Ɗaura abin da Sahab ta ba ka." Ya ɗaura.

Babban bai dawo ba, ya riga ya ɗanɗana ulu ya yi wayo. Sai wajen la'asar wani matsakaici, tsawon damtsena, ya taso daga ƙasa. Na gan shi da idona, ya buɗe farin bakinsa ya rufe a kan ƙudan. Sandar ta rusuna har na ce ta karye. Ya yi ƙasa, ya yi sama, ya yi tsalle, zaren nan siriri ya riƙe. Rahti na ja tana saki. Kakanku ne ke ta ihu har ya sa shi a koma.

Al'ada ce shikari ya ɗaga kifin farko ya ce, "Barka, Sahab." Ya ɗaga, ya yi gunaguni cikin gemu.

Ta ce, "Ban ji ba, Subhan. Ruwa na ƙara. Su ma na gada ba su ji ba."

Ya faɗa da ƙarfi. Biyu daga cikinsu suka tashi suka tafi, kuma sun yi wata uku ba sa gaisawa da shi. A gida ya ce min shi don kifin ya sauka, ba don ita ba. Na ce to.

Da muka hau gangare, na riƙe ta. Na ce, "Yaya, kin gani dai, hankali ya kwanta."

Ta ce, "Wane kwanciya? Ashe kifi daga ƙasa yake kallonsa, ni kuwa shekara talatin bayan ƙudan nake ƙawatawa. Cikin ne aikin. Kama min jan zakaran nan in mun isa."