Lasin na Shekara Uku

Cikakken sunansa Sadiƙu Abarshi Jibo, mutumin Tajaye, kuma na fara saninsa ne a daminar shekara ta 2018, a tashar manyan motoci ta Malbaza, inda nake gadi a wancan zamani. A lokacin ban iya rubuta ko sunana ba. Yau da na iya, na ga ya dace in ajiye labarinsa a rubuce, yadda na gani da idona da yadda ya ba ni da bakinsa.

Sadiƙu ɗan fari ne. Mahaifinsa, Abarshi, manomi ne da damina, da rani kuwa yakan sauko Malbaza ya yi dako, yana loda buhunan siminti a motoci. Saboda kunyar ɗan fari bai taɓa kiran sunan yaron ba, sai dai ya ce "wancan". Da ƙuruciyarsa ya daɗe yana ci-rani a Sakkwato, ya dawo da wasu kalmomi da suka zauna masa a baki har tsufa. Takardar tuƙin mota, wadda mutanenmu ke kira parmi, shi lasin yake ce mata.

Yaron ya yi lakwal, wato firamare, a Tajaye, ya yi kwalej a Illela, ya wuce lise, wato babbar sakandare, a Ƙonni. Da farko ya ɗauki Faransanci harshen buro, wato ofishin gwamnati, da na jandarma ne kawai, wanda ake ba da umarni da shi. A lise ne wata malama, Madam Ummul-Khairi, ta tsaya gaban aji ta karanta musu shafi guda a kan wata tsohuwa mai jiran ɗanta a bakin hanya. Sadiƙu ya kasa kunne har ta kai ƙarshe. Ya yi mamakin yadda harshen da ake tsawa da shi ya iya kuka, kuma daga ranar ya ƙudurta cewa sai ya bi shi har gidansu.

Da ya ci jarrabawar ƙarshe ta lise, ya sami mahaifinsa a zaure yana gyaran ƙotar hauya, ya durƙusa.

"Baba, na samu wuri a jami'a, can Yamai. Shekara uku ne, in an gama sai a ba ni lisans."

Lisans shi ne sunan digirin farko a Faransanci. Abarshi ya ajiye hauyar.

"Lasin? Na gwamnati?"

"Na gwamnati, Baba."

"Har shekara uku! Lalle wannan na manya ne. Tahi, Allah shi yi albarka."

Sadiƙu ya fito yana mamakin sauƙin abin, domin ya shirya dogon roƙo. Bai tsaya bincike ba, ya ɗaure kayansa.

Shekarar farko a Yamai ba ta zo masa da sauƙi ba. In ya buɗe baki a aji, harshensa na Bahaushe yakan haɗa masa "p" da "f", 'yan birni su sunkuyar da kai suna dariya. Ya riƙa tsayawa bayan ɗakunan kwana yana maimaita kalmomi shi kaɗai har suka miƙe. Ya koyi nahawu mai zurfi, da tarihin harshen, da waƙe, da wasan kwaikwayo, ya kuma karanta marubutan Afirka da suka ɗauki Faransanci suka zuba masa zancen ƙauyukansu. Ɗakin karatu ya zame masa gida. Dab da hutu ya kama wani babban littafi mai kashi biyu, ya gama na farko, aka rufe makaranta kafin ya taɓa na biyu.

Ya iso Tajaye gero ya kai gwiwa. Tun a bakin gari mutane suka fara yi masa wata gaisuwa da bai gane ba: "Barka da zuwa, direba!" Ya ɗauka wasa ne. Sai da suka fita noma shi da mahaifinsa, rana ta ɗaga, suka zauna shan fura a gindin gawo, sannan maganar ta fito.

"Na yi zance da Alhaji Maman Sani mai motoci," in ji Abarshi, yana duban gona. "Ya ce shekara uku ɓata lokaci ce. Shi zai haɗa ka da direbansa, rani guda ka ƙware, ya nema maka lasin, ya ba ka mota. Ba sai ka koma Yamai ba. Gobe mu tahi Malbaza ka yi mishi godiya."

Nan Sadiƙu ya gane abin da ya faru. Shekara guda cur tsohon yana yawo a tasha yana faɗa wa abokan dakonsa cewa wancan ya tafi koyon tuƙi na manya. Ya dubi wuyan mahaifinsa, inda buhu ya bar kanta baƙa, ya fahimci abin da mutumin yake so: ya ga ɗansa a zaune a gaban mota, ba a ƙarƙashinta da kaya a ka ba. In ya yi shiru, karatu ya ƙare. In ya yi magana, ya kunyata uba a gaban sa'o'insa, kuma karatun na iya ƙarewa duk da haka.

"Baba," ya ce a hankali, "lisans ɗin da na faɗa ba na mota ba ne. Sunan takardar gama karatu ne. Faransanci nake karantawa, da littattafan da aka rubuta da shi."

"Mi kac ce?"

Ya maimaita.

"Hwaransancin da kake yi tun kana ɗan lakwal? Shi ne bai ƙare ba?"

"Bai ƙare ba, Baba."

Abarshi ya rufe ƙwaryar fura, ya tashi ya kama noma har la'asar. A hanyar gida ne ya yi magana, ba tare da ya waiwaya ba.

"Gobe za mu Malbaza. Bakina ya riga ya hwaɗi wani abu a can. Kai za ka warware shi da naka."

Ko zai koma Yamai ko ba zai koma ba, tsohon bai ce ba.

Washegari da hantsi suka iso tasha, ni ma ina nan zaune. 'Yan dako na hutawa a inuwar wata mota, fuskokinsu fari fat da siminti. Alhaji Maman Sani na kan benci. Wani direbansa mai suna Abdulrazak, sarkin tsokana, ya miƙe ya jefa wa Sadiƙu makulli.

"Ɗan Yamai, hau ka juya mana ita, mu ga tuƙin gwamnati!"

Sadiƙu ya riƙe makullin da hannu biyu, ya mayar masa. Ya gaida Alhaji, ya gaida dattawa, sannan ya bayyana musu komai, ya ce kuskuren nasa ne, domin shi ya kawo kalmar bai fassara ta ba.

Sai dariya ta ɓarke. Abdulrazak har da riƙe ciki.

"Abarshi, ashe direban littafi ka haifa! Malam, littafin naka taya nawa gare shi?"

"In ya lalace a hanya wa ke tura shi?" in ji wani.

Abarshi na zaune kan tsohuwar taya, kansa a ƙasa, yana zane a ƙasa da tsinke. Sadiƙu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma ya tsaya. Alhaji Maman Sani ya ɗaga hannu aka lafa.

"To, yaro, mota dai mun san abin da take ɗauka. Littattafan nan mi ke cikinsu, da har za a ƙi mota dominsu?"

Sai Sadiƙu ya fara ba su labarin littafin da ya baro. Ya juya shi zuwa Hausarmu tsaf. Ya ce a wani gari na bakin teku, a ƙasar Faransa ta dā, an yi wani tsoho ɗan dako mai sauke buhunan gishiri daga jirgin ruwa.

"Tsaya," in ji Abdulrazak. "Nasara na dako?"

"Yana yi."

"A ka?"

"A kafaɗa."

"Shi ya sa! Wa ya ce mishi ana ɗaukar buhu a kahwaɗa?"

Aka sake dariya, amma wannan karon an matso. Ya ci gaba, ya ce gishiri ya cinye fatar tsohon, bayansa ya lanƙwashe, mai jirgi ya ce gobe kada ya zo, samari sun isa. Tsohon ya ɓoye wa iyalinsa, kullum ya fita da safe kamar mai zuwa aiki. 'Yan dako suka daina tsokana. Wani ya ce a hankali, "Haka aka yi wa wanmu." Rannan, in ji Sadiƙu, cikin sanyi mai tsanani, tsohon ya ratsa samari, ya saɓa buhu mafi nauyi, ya taka siririn katakon da ke tsakanin jirgi da gaɓa, jama'a na kallo, katako na rawa.

Nan Sadiƙu ya tsaya.

"Sai aka yi ƙaƙa?" in ji Alhaji.

"A nan kashi na farko ya tsaya. Na biyu yana Yamai, hutu ya riske ni ban karanta ba."

"Kai, wannan yaro! Ya hwaɗi ko ya ƙetare?"

"Wallahi ban sani ba, Alhaji."

Tasha ta kaure da gardama, masu cewa ya ƙetare da masu cewa ƙafar tsoho ba ta riƙe katako mai laima. Daga baya na tambaye shi ko dabara ya yi, ya rantse mini cewa iyakar abin da ya karanta ke nan.

Abarshi ya yar da tsinken, ya miƙe, ya kakkaɓe riga.

"Alhaji, na gode da motarka, Allah shi saka. Amma ka ba wani." Ya nuna ɗansa da haɓa. "Wancan shi koma. Ya bar mutum bisa katako da kaya, shi je shi gano muna yadda ya ƙare."

Sadiƙu ya durƙusa a gaban mahaifinsa a cikin ƙurar siminti.

Ya koma, ya gama karatunsa. Yanzu yana koyar da Faransanci a wata kwalej ta ƙauye a yankin Illela. Ɗalibansa sun shaida mini cewa in sun karanta shafi, ba ya barinsu su wuce sai kowa ya faɗi abin da ya ji da Hausa, sannan ya sake faɗinsa da Faransanci, kuma ba a yi wa kowa dariya a ajinsa. Abarshi ya bar dako, yana kiwon tumaki a Tajaye.

Da na kai wa Sadiƙu ziyara na tarar da shi a gindin bishiyar bedi, da 'yan mata da samari kewaye da shi, suna shirin wasan kwaikwayo. Ya ba ni kujerarsa, shi ya tsaya. Ganina da shi na ƙarshe ke nan, ranar Lahadi, 12 ga watan Janairu, 2025.