Ranar da Magagi Yaz Zamna

Ke Nasiba, matso da wayar taki kusa, in dai maganar kawunki Magagi kika so. Shi ne autana, shi ya sa nika kiran sunanshi kai tsaye.

Tun shina ciki bai barni na kwanta gefe guda ba. Da yat tashi kuwa, rediyon kakanku sau ukku shina buɗe mata ciki. Anka kai shi lakol karatun boko, ya gudo. Ya bi motocin Baleyara, ya yi gyaran waya Yamai, ya tahi Abala ya dawo. Daga baya yab buɗe shagon hoto bakin kasuwar Filinge. Ko nan ɗin tsaye shika aiki, kujerar sai baƙi.

Hoton kakanku guda ne tak a duniya, wanda anka ɗauka shekarar da munka yi sabon rumbu. Na takarda gara ta cinye. Allah ya sa Magagi ya riga ya sa shi cikin ordinater ɗinshi, kwamfuta ke nan, tare da hotunan biki da suna na rabin garin ga. Yac ce mini, "Inna, ma'aji biyu ne ciki, diski sunansu. Na ɗaure su tare tun daga gindin injin, wurin da aka cewa biyos. Abin da ɗaya yar riƙe, ɗayan ma ya riƙe."

Nic ce to, rumbu biyu ke nan.

Wata ranar kasuwa na biya shagon in huta, sai ga Zakari abokinshi, mai shagon hoto a Damana. Nashi diskin ya mutu, ga biki gabanshi jibi. Yal leƙa cikin injin.

"Kai Magagi, biyu gare ka kana kallona? Rowa ta kama ka da girma?"

"Ubanwa ka rowa? Bari in kwance maka guda."

Kin san mu Kurhwayawa. Mai biyu ba ya hana mai babu, ko akuya ce. Yak kashe injin, yat tada shi, shina ta dukan maɓalli guda kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, sai allo yay yi shuɗi. Rubutu yaf fito, yatsanshi na bisa maɓalli.

Ni dai nim matso kusa. Nic ce, "Tsaya. Mi abin ga ka cewa?"

"Tambaya ce, Inna. Wai in na kwance ɗaurin, abin da ke ciki na iya tahiya."

"Tahiya ina?"

"Haka suka faɗi kullum."

"Magagi, dube ni. Yadda kac ce mini ka ɗaure su, haka suke har yau?"

Yas sosa ƙeya. Yak koma baya cikin shuɗin yana karatu, sai nig ga zufa. Ashe bara, injin ya yi mishi nawa, shi kuwa ba ya jira, yas sake ɗaurin irin na gudu. Irin wannan kowane hoto raba shi aka yi, rabi nan rabi can. Ya mance sarai. Da ya danna, da kakanku ya tahi karo na biyu.

Zakari yac ce, "Inna, in ba ya yiwuwa a bari."

Nic ce, "Za a ba ka. Amma ba a rushe rumbu da hatsi ciki."

Na shimfiɗa mayafina bakin ƙofa nit tare hanya. Anka ɗauko ordinater ɗin Halima matar Magagi, yaf fara kwashe hotuna. Abin na jan jiki kamar hawainiya. Ya miƙe, nic ce zamna. Ya ce bari shi sawo goro, nic ce zamna! Ƙafarshi na ta rawa ƙarƙashin tebur, Zakari na dariya har da riƙe ciki. Tun azahar har la'asar ta yi sanyi, sallah kaɗai nib bari yat tashi.

Sai da nig ga kakanku da hularshi a karkace cikin injin Halima, sannan nic ce danna. Yad danna, yak kwance, yam miƙa ma Zakari nashi.

Nawa hoton kuwa nis sa yaz zuba mini cikin 'yar kile, ɗan ma'ajin nan da aka soka ma inji. Ga ta nan ƙulle bakin zanena. A'a, cire hannunki, ja'ira! Jinin Magagi ne ke ma.